Soson da Abdulhafiz Ya Bari a Jaka

Akwai wani mutum a unguwar Nima, sunansa Abdulhafiz, wanda har yau idan ya ga mace ta kai hannunta hanci tana sansanawa sai ya sunkuyar da kai. Ku gyara zama, 'yan wannan shafi, in gaya muku dalili.

Sana'arsa ba irin wadda kuka saba ji ba ce. Tankin gilashi yake haɗa wa masu hali. Ya zuba ruwan gishiri, ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsun murjani masu rai, sannan ya saki kifayen teku masu launi kala-kala. Shekara tara ya yi yana koyon aikin a wajen wani ɗan Labanan a Osu, kuma gaskiya ya iya.

A duk Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, shi kaɗai ne mai wannan aiki, kuma ya san haka. To, nan matsalar take. Idan ya fara bayani a kan gishirin ruwa sai ka rantse shi ya haƙa tekun. Amma ka tambaye shi abu guda mai amfani, sai ya yi maka murmushi ya ce, "Bar wannan, ba za ka gane ba." A ganinsa duk wanda ya san sirrin aikin, gobe ba zai kira shi ba.

Babban wanda yake yi wa aiki shi ne Alhaji Kassim, dillalin kayan gyaran mota a Abossey Okai, mai gida a Maamobi. Tankin falon Alhaji ya kai tsawon ƙofar ɗaki idan an kwantar da ita. Kifi goma sha ɗaya ne a ciki, kowanne da sunan da Alhaji ya raɗa masa daga kasuwa. Akwai Filogi, akwai Birki, akwai wani mai ruwan ɗorawa da yake kira Tasi. Idan ya dawo da yamma, kafin ya cire takalmi sai ya ƙirga su.

Wata rana yashin tankin ya fara yin dauɗa, farin ya koma ruwan ƙasa. Abdulhafiz ya tafi wajen wani dillali a Tema, ya dawo da wata baƙar halitta a leda, doguwa, mai kauri, ba ido ba ƙafa.

Alhaji ya leƙa ledar ya ja da baya. Massa yake ce masa, wato oga.

"Massa, mene ne wannan? Na ce ka kawo mini abin ado, ka kawo mini ruɓaɓɓiyar ayaba?"

"Alhaji, kokwambar teku ake ce mata. Dabba ce, ba kayan miya ba. Yashi take ci. Ta haɗiye shi da dattinsa, cikinta ya riƙe dattin, yashin ya fito fari ta baya."

"Ta baya!" Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "To sa ta mu gani. Amma in baƙi suka tambaya, kai za ka ba su amsa."

Cikin sati uku yashi ya koma fari fat.

Abin da Abdulhafiz bai gaya wa kowa ba shi ne, wannan halitta mai sanyin hali tana da hatsari guda. Idan wani abu ya yanke ta, tana iya sakin dafi a ruwa, dafin da zai kashe kifin tanki gaba ɗaya. A cikin tankin kuwa akwai injin da ke juya ruwa, mai farfela a ciki, kuma kokwamba ba ta san inda take zuwa ba, duk inda ta samu hawa take yi. Don haka ya ɗaura wani baƙin soso a bakin injin, ya toshe mata hanya. Wannan soson shi ne tsakanin kifin Alhaji da mutuwa, amma a gidan babu wanda ya sani sai shi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tambaya. Mma Sabuwa, mai aikin gidan.

Mma Sabuwa 'yar Bawku ce, ta haura sittin, kuma ta fi shekara ashirin a gidan Alhaji. Ita ke shara, ita ke goge-goge, ita ke zuba wa kifin abinci da rana da 'yan yatsunta. A duk gidan ita kaɗai ce ta so kokwambar. Ƙawata take ce mata.

"Ni da ke aikinmu ɗaya," haka take faɗa idan ta tsaya a gaban gilashin da tsintsiya. "Mu share, su zo su yaba wa falo."

Ranar da ta ga soson, ta ce, "Ɗana, wannan baƙin abin fa, na mene ne?"

Abdulhafiz ko juyowa bai yi ba. "Mma, ki tsaya a tsintsiyarki. Wannan ba ɓangarenki ba ne."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, Allah ya ba da haƙuri." Ba ta ƙara tambayarsa komai ba.

A lokacin gidan cike yake da jira. Basma, 'yar Alhaji ta fari, ta dawo gida haihuwar fari, cikinta ya tsufa. Basma kuwa a bayan Mma Sabuwa ta girma. Tun wata biyu kafin nan tsohuwar ta tanadi sabulu, ta tanadi ganyen wanka, ta sayi sabon zanin goyo da kuɗin kanta. Duk wanda ya shigo sai ya ji.

"Ni na yi wa uwar wankan farko, ni zan yi wa abin da ta haifa. Daga nan Allah ya ɗauke ni, ban damu ba."

Sai ga wata Juma'a.

Abdulhafiz ya zo duba tanki wajen sha biyu. Yana cikin aiki dumso ta yi halinta, wuta ta ɗauke. Janaretan gidan kuwa yana wajen bakanike. E, gidan mai sayar da kayan inji, kada ku tambaye ni. Injin tanki ya tsaya cak, sai Abdulhafiz ya ce bari ya yi amfani da damar ya wanke soson nan. Ba ya wanke shi da ruwan famfo, sai da ruwan gishirin da yake ɗaukowa a jarka a bayan babur ɗinsa. Ya zare soson, ya sa a leda, ya jefa a jakar kayan aikinsa, ya fita waje.

Yana fita ya tarar an fara shimfiɗa tabarmi a kan titi. Wani dattijo ya daka masa tsawa ya janye babur daga inda sahu zai bi. Ya tura babur can bayan layi, ya yi alwala, ya shiga sahu. A ransa yana cewa ana sallamewa zai koma.

Ana sallamewa waya ta buga. Manajan wani otal ne a Labone, wai suna son tanki babba a zauren baƙi, ko zai iya zuwa yanzu? Kai! Abdulhafiz ya ji kansa ya yi girma. Ya hau babur ya ba shi wuta, soso na kwance a jaka.

Wuta ta dawo Maamobi wajen ƙarfe biyu. Inji ya tashi da bakinsa a buɗe.

Asabar da safe Alhaji ya kira shi. "Ka zo yanzu. Yanzu-yanzu."

Ruwan tankin ya yi fari kamar an zuba koko. Filogi, Birki, Tasi, duk goma sha ɗayan, wasu a saman ruwa ciki a sama, wasu kwance a kan yashi. Idon Abdulhafiz ya kai kan injin. Babu soso. Ga wani baƙin abu a maƙale a bakin farfela.

Nan take ya gane komai. Kuma nan take, maimakon bakinsa ya yi aiki, sai wayonsa ya riga shi.

"Kowa ya ɗan fita, wannan warin bai dace da mai ciki ba."

Suka fita. Ya kashe injin, ya ciro shi, ya ɓamɓare abin da ya rage na kokwambar, ya ƙulle a baƙar leda. Da suka dawo, Alhaji ya tsaya a kansa.

"Me ya kashe su?"

"Guba ce ta shiga ruwan, Alhaji."

Wannan dai gaskiya ce.

"Daga ina?"

Abdulhafiz ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe, shi da kansa ya gaya mini. Amma sai ya tuna otal ɗin Labone, ya tuna yadda ake nuna shi a Nima ana cewa ga gwani, sai ya haɗiye yawu ya yi shiru. A cikin wannan shirun ne Hajiya Nasiha, matar Alhaji, ta tafa hannu.

"Innalillahi! Jiya Sabuwa ta wanke tayil ɗin bayi da bilic. Ina gani kuma ta zo ta zuba musu abinci da hannunta."

Kowa ya juya ga Mma Sabuwa, wadda ke bakin ƙofa riƙe da bokiti.

"Na wanke hannuna, Hajiya," ta ce. "Na wanke... ina jin na wanke."

Alhaji ya dubi Abdulhafiz. "Kai ne masani. Bilic zai iya yin wannan?"

"Zai iya, Alhaji."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce ita ce ba. Daga baya ya yi ta lallashin kansa da wannan, wai ai bai ambaci sunan kowa ba. Ni kuwa na ce ƙarya ce cikakkiya, don ya san inda maganar za ta sauka.

Mma Sabuwa ta ajiye bokitin a hankali. Ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Ina ƙawata? Ban gan ta ba."

"Ta mutu a ƙarƙashin dutse, Mma. Na riga na cire ta."

Ledar na hannunsa yana wannan maganar.

Hajiya Nasiha ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Ta dubi cikin Basma, ta dubi hannun tsohuwar, ta ce, "Sabuwa, girma ya zo miki. Hannun da ya kashe kifi goma sha ɗaya rana guda, ni ba zan iya ba shi jariri ba. Ki je gida ki huta tukuna."

Basma ta fashe da kuka ta ce a'a, amma ba a saurare ta ba. Kafin azahar Mma Sabuwa ta fita da ƙunshin kayanta a ka, ta koma ɗakin ƙanwarta a bakin babbar kwatar Nima.

Kun dai san Zongo. Asabar an ce bilic ne a hannu. Litinin an ce zubawa ta yi da gangan. Kafin Laraba masu sayar da wake da shinkafa sun tabbatar cewa gubar ba don kifi aka tanade ta ba, gwaji ne kawai aka yi. Matar da ta yi shekara ashirin tana dafa wa mutane abinci, sai ga shi maƙwabta na janye 'ya'yansu idan ta wuce.

Abdulhafiz yana jin duk wannan. A wajen mai shayi ya ji, a bakin masallaci ya ji. Kullum sai ya ce gobe zai je ya faɗi gaskiya, kullum goben ta zo da nata uzurin. Abinci ya daina shiga. Jakar aikinsa kuwa, ya daina kai hannu can ƙasanta, don ya san abin da ke wurin.

Ranar Alhamis Basma ta haifi 'ya mace. Aka ɗauko wata mata daga New Town, wadda ba ta taɓa ganin Basma ba, ta yi wa jaririyar wankan farko.

Alhaji ya kira Abdulhafiz ya ce yana son tanki ya tashi kafin suna, baƙi za su cika falo. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai kaɗai na yarda da kai a kan wannan abu." Abdulhafiz ya canza ruwa, ya sa gawayin tacewa, ya kawo kifi huɗu, ya ɗaura sabon soso. Aikin ya yi kyau. Shi kuwa ya kasa kallon Alhaji a ido.

Ranar suna aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka raɗa wa yarinya Shifa. Aka ba Abdulhafiz kujera a gaba, aka cika masa faranti da shinkafa da nama. Ya ɗaga cokali ke nan sai ya hango ta. Mma Sabuwa ce tsaye a tsallaken titi, a bayan kiyos ɗin mai sayar da kati, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta matso ba. Da aka yi guɗa sai ya ga bakinta na motsi, tana maimaita sunan.

Ya ajiye cokalin. Amma bai tashi ba, jama'a. Bai tashi ba.

Ranar Lahadi da hantsi yana zaune a ɗan shagonsa na Nima, sai ya ji sallama. Ita ce. Ta rame, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama a benci.

"Mma, shigo mana."

"A'a, ɗana, kana da kifi a ciki. Gara in tsaya nan."

Ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi, amma ya riga ya gani. Fatar duk ta tsage, tsakanin yatsun ya yi ja.

"Me ya sami hannunki?"

"Wanki ne. Ina wankewa, ina wankewa, amma sai in ji kamar warin yana nan." Ta yi ɗan murmushi. "Da na kawo maka tuwo, na san kana so. To yanzu ba na ba kowa abin da hannuna ya taɓa."

Abdulhafiz ya kawar da idonsa daga hannun.

"Gafara na zo nema," ta ci gaba. "Na ɓata maka aikin da ka sha wahala a kai, kuma ko sau ɗaya ba ka zage ni ba. Allah ya yi maka albarka. Na yi azumi uku saboda rayukan nan. Amma abu ɗaya ya hana ni sukuni, kai ne masani, ka gaya mini tsakani da Allah. Ƙawata ta sha wuya kafin ta mutu?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da ya yi laifin yana cin naman suna, ita kuwa tana azumi a madadinsa.

Ta ciro wani ƙunshi a leda, ta riƙe shi da bakin mayafi don kada yatsunta su taɓa. "Zanin goyon da na saya ne. Kana shiga gidan, ka miƙa wa Basma. Ka ce a wanke shi tukuna."

Ya karɓa. Ya buɗe jakarsa zai sa, ƙunshin ya ƙi shiga. Ya tura hannu can ƙasa ya gyara wuri, sai yatsunsa suka taɓa ledar. Ya ciro ta. Soson ya bushe ya ƙandare, yana warin teku.

Daga nan dai ya kasa. Ya durƙusa a gabanta, a bakin titi, mutane na wucewa.

"Mma, ba ke ba ce. Wallahi ba ke ba ce. Ni ne."

Ya gaya mata komai. Ɗaukewar wuta, da soso, da kiran otal, da abin da ya ɓamɓare daga farfela ya ƙulle a leda tana tsaye tana tambayarsa. Yana faɗa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Mma Sabuwa ta daɗe tana kallon soson. Ya zaci za ta yi ihu, ko ta tsine masa. Da ta yi hakan ma da ya fi masa sauƙi.

"Wannan baƙin abin ne?" ta ce a hankali. "Ai na ga babu shi ranar. Da na zo zuba abinci, na ga bakin injin a buɗe, ƙawata kuma tana hawa gilashi ta nufi wajensa. Har na ɗauko waya zan kira ka. Sai na tuna ka ce in tsaya a tsintsiyata."

Abdulhafiz ya kifa kansa a ƙasa.

"Tashi," ta ce. "Mutane na kallo. Ni ba ni da abin cewa yanzu."

"Mma, mu je gidan Alhaji. Yau Lahadi, yana gida. Ki taimake ni, mu je tare kafin tsoro ya sake kama ni."

Suka tafi a ƙafa, shi a gaba, ita a baya.

A falon ya ɗora busasshen soson a kan tebur, ya maimaita duk abin da ya faɗa, bai rage ko ɗaya ba. Hajiya Nasiha ta ɗora hannu biyu a ka. Alhaji ya ɗauki soson ya juya shi a hannu.

"Massa," ya ce, "ni da kanikawa nake kwana nake tashi. Babu ranar da wani ba ya manta noti. Da ka ce mini ka manta soso, da na yi maka faɗa, da na zage ka ma, washegari mu sha shayi tare. Kifi ne, ana sayarwa a Tema. Amma ka tsaya a falona, ka kalli matar da ta goya 'yata, na tambaye ka a matsayin masani, ka ce zai iya? Kwana goma sha biyar! Har ka ci naman sunan jikata!"

"Ba ni da hujja, Alhaji."

"Ba ka da ita kam. Ɗauki jakarka. Kada in ƙara ganin babur ɗinka a ƙofata."

Hajiya ta riga ta zube a gaban Mma Sabuwa tana kuka. "Sabuwa, ki yafe mini. Bakina ne ya fara. Ki yafe mini don Allah."

"Ba komai, Hajiya. Tsoron jikarki kika ji."

Abdulhafiz ya kai bakin ƙofa ke nan sai ga Basma ta fito daga ɗaki da sauri, ɗauke da jaririyar. Duk abin da aka faɗa ta ji.

"Mma! Ga ta. Ga Shifa. Karɓi 'yarki."

Fuskar tsohuwar ta buɗe. Ta miƙa hannu biyu. Saura kaɗan yatsunta su taɓa zanin, sai ta tsaya. Ta janye hannun dama ta kai hanci ta sansana. Ta sansana na hagu.

"Bari in wanke tukuna."

"Mma, ba ki ji ba ne? Babu komai a hannunki! Ba a taɓa samun komai ba!"

"Na ji, 'yata. Na ji." Ta ja da baya. "Bari dai in wanke."

Ta juya ta nufi famfon tsakar gida. Basma na tsaye da jaririya a hannu tana hawaye, ga ƙarar ruwa na zuba, ana ta cuɗa sabulu ba a daina ba. Abdulhafiz ya tsaya a bakin ƙofar yana ji. A nan ne ya gane cewa gaskiyar da ya kawo ta wanke sunan matar, amma akwai abin da ta zo ta tarar ya riga ya lalace.

Ya bi Zongo da ƙafarsa yana gyara magana. Ya faɗa a wajen mai shayi, ya faɗa a bakin masallaci, ya je har wajen masu wake da shinkafa. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce ai biyansa aka yi ya ɗauki laifin. Gidaje biyu suka sallame shi da suka ji labari. Bai yi ƙorafi ba.

Bayan wata guda ya sake zuwa neman gafararta. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira, ɗana. Wankan farko ne dai ba a yin sa sau biyu."

Yanzu duk gidan da Abdulhafiz ya haɗa wa tanki, kafin ya yi wa maigida bayani sai ya ce a kira masa mai shara. Ya nuna mata injin, ya nuna mata soson, ya gaya mata amfaninsa, ya rubuta mata lambarsa. "In kin ga babu shi, ki kashe injin, ki kira ni. Ko ina cikin wane aiki."

Mma Sabuwa tana nan a gidan Alhaji. Shifa ta shekara biyu, tana gudu a falo, kuma ba ta yarda da kowa sai ita. Amma Basma ta ce har yau, duk lokacin da yarinyar ta ɗaga hannu a ɗauke ta, sai tsohuwar ta fara kai nata hannun hanci.

Darasi: Kuskure ba ya kashe mutunci, ɓoye shi ne ke kashewa, kuma sau da yawa ba naka yake kashewa ba, na wanda bai da bakin kare kansa ne. Idan ka yi ɓarna, ka faɗa a ranar, kafin a ɗora wa wani. Shirun da ka yi kana sane ƙarya ce, ko da ba ka ambaci sunan kowa ba. Kuma kada girman kai ya sa ka raina tambayar na ƙasa da kai, wataƙila idonsa ne zai cece ka. Idan akwai wanda yake ɗauke da laifinka a yau, kada ka jira gobe, tashi ka je ka sauke masa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, mai yiwuwa akwai wanda soso ke kwance a ƙasan jakarsa.